A Bar Tsohuwa da Yunwa

Anomabo,
18 ga Nuwamba, 1984

Zuwa ga ƙanena Ebo Dadzie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da karatunka da sanyin Bulgeriya. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Nana Kwansema tana nan da ranta. Idon ne ya tafi, bakin kuwa yana nan yadda aka san shi. Maigidana yana fita teku kullum ban da Talata, yara suna makaranta, ƙafata da ke kumbura ta saɓe.

Na san za ka juya takardar ka duba wace ce. Ni ce Araba, 'yar marigayiya Maame Ekua mai burodi, jikar Nana Kwansema. Kakata da kakarka, marigayiya Nana Otuwa, ciki ɗaya suka fito, saboda haka ko ka so ko ka ƙi ni yayarka ce. Rigimar da ta raba su har taku ta kwashe kayanta ta koma Sekondi, wannan tasu ce, ba a haife mu ba aka yi ta.

A wurin mahaifiyarka na karɓi adireshinka. Ta ce shekara huɗu ke nan ba abin da kake karantawa sai yis. Na ce, "Yis ɗin burodi?" Ta ce, "Shi fa." Na yi dariya har sai da na nemi kujera. To ga shi yau ni ce ke neman ka.

Yis na gwangwani ya ɓace a kasuwa. Daga Cape Coast har Takoradi na nema, babu. Sai na koma ga tsohuwar tukunyar tsamin nan da Nana ta haɗa da ruwan bammi tun kafin a haifi mamata. A ɗakin tanderu Tsohuwa muke ce mata, domin ta girme mu duka. Da ita burodin shayi yana tashi, ba laifi. Amma burodin sukari, wanda da shi aka san gidanmu, ya ƙi. Sai ya fito a daƙile kamar bulon gini, ga tsami. Na ce ƙila rama ce ke damun Tsohuwa, na riƙa zuba mata sukari kofi guda kullum, sukarin da sai an sha wuya ake samu. Maimakon ta yi ƙarfi sai ta koma warin ogogoro, giyar nan mai ƙarfi. Ranar nan fasto ya leƙo gaisuwa, ya shaƙi iska sau biyu, ya dube ni, ya juya ya fita.

Ba wannan ne ya hana ni sukuni ba. Kukua, 'yar ƙanwar mamata, mai bandar kifi, ta sa ido a filin tanderun. Ta je ta sami Wofa Ekow Bentum, kawunmu, wanda shi ne shugaban dangi yanzu. A gabana ta ce, "Wofa, tanderun da ba ya fitar da abin ci ai tudun ƙasa ne. A rushe shi in gina murhun banda shida, kowa ya amfana." Na ce, "Kukua, hayaƙinki ya ishi garin nan, ba sai kin shigo da shi tsakar gida ba." Ta ce, "Hayaƙina ana cin sa da tuwon dokunu. Naki bulon fa, sai dai a kai wa magina."

Wofa ya ɗaga hannu ya ce ya ji. Ya ba ni zuwa Litinin ɗin Ista, ranar da dangi ke taruwa. In na ajiye burodin sukari irin na mamata a gaban kowa, tanderu ya zauna. In ban ajiye ba, Kukua ta kawo masu diga.

Ni ban ji tsoro ba. Shekara ashirin da shida hannuna na cikin kwaɓi, na san ba hannun ne ya lalace ba. Akwai abin da ke faruwa cikin tukunyar nan da ban gane ba, kai kuma gwamnati ta tura ka ka gane. To ka faɗa mini, da maganar mutane, ba ta littafi ba.

Ka aiko amsa ta akwatin gidan waya na Wofa, mu ba mu da namu.

Ni ce yayarka,
Araba Eshun


(Katin gaisuwa mai hoton gada, babu ambulan)

Plovdiv, 2 ga Janairu, 1985

Sista Araba, barka da sabuwar shekara, ina lafiya. Ƙari kan abin da na riga na rubuta: ki bar Tsohuwa da yunwa kwana biyu cur. Sukari ko ƙwaya kada ta gani. Ki sa muciya ki buga ta sosai safe da yamma, kada ki ji tausayi. Ki ajiye ta a ƙasa inda ya fi sanyi. Za ta yi laushi kamar ta mutu, kada ki damu, haka muke so. Ebo.


Anomabo,
27 ga Janairu, 1985

Zuwa ga Ebo Dadzie, ɗan Esi Atta,

Ina gaishe ka kamar yadda ya wajaba babba ya gai da na ƙasa da shi. Lafiyata ƙalau. Mahaifiyata, Nana Kwansema, ita ma ƙalau take, kuma da yardar Allah haka za ta ci gaba da zama, ko wani ya so ko bai so ba.

Katinka ya iso akwatina ranar Alhamis. Mai wa'azin cocinmu ne ya ɗauko mini wasiƙu, kuma da yake ba ka ga damar sa shi a ambulan ba, kafin ya iso ƙofata rabin garin nan ya san abin da ke ciki.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina shugabancin makaranta. Na karanta rubutun yara marasa kunya iri-iri, amma ban taɓa ganin wanda ya zauna a ƙasar Turawa ya sayi kan sarki don ya ba da umarnin a hana tsohuwa 'yar shekara casa'in abinci, a doke ta da muciya, a kwantar da ita a ƙasa ba. Tsohuwa ɗaya ce a gidanmu, kuma ita ta goya kakarka.

Na san abin da aka faɗa muku a Sekondi game da rabon ɗakuna na shekarar 1938. Na ɗauka an binne maganar tare da masu ita. Ashe an ba jikoki ajiya.

Araba ta ce wai da tukunya kake. Na tambayi mahaifiyata da kaina ko ta san wata tukunya mai wannan suna, ta juya fuska bango ta ce a bar ta da abin da ya dame ta. Wannan ya ishe ni amsa.

Na aika wa mahaifiyarka cewa ta zo ranar Litinin ɗin Ista ta yi wa dangi bayani. In bayanin bai gamsar ba, ka sani ranar da za ka nemi aure ba mai tsaya maka daga gidan nan, kuma ranar da wani naku ya kwanta dama, ku nemi masu ɗaukarsa.

Ekow Bentum,
Shugaban dangi


Anomabo,
29 ga Janairu, 1985

Ebo,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, in ban da kaina da ke sarawa tun ranar Alhamis, kuma kai ne sanadi.

Kai wane irin mai ilimi ne? Wata biyu ina zuba ido, sai ga kati tsirara mai layi shida, kowa ya karanta ya ƙoshi kafin ni. Ka ce "ƙari kan abin da na riga na rubuta". Wane abu? Ni ban ga komai ba. In ka rubuta wata takarda, to tana can tana yawon duniya.

Bari in ba ka labarin abin da ka jawo. Ranar Lahadi ina shiga coci matan layin gaba suka matsa kamar ina ɗauke da ƙyanda. Kukua kuwa abin nema ya samu. A bakin teku, gaban masu jiran kwale-kwale, ta ɗaga murya ta ce, "Araba, yau kin buga ta ta safe, ko sai yamma za ki haɗa?" Na ce, "Ke zan fara bugawa in gwada muciyar." Sai da aka shiga tsakani.

Abin da ya fi ba ni haushi Nana ce. Ita ta raɗa wa tukunyar nan suna da bakinta. Na durƙusa gabanta na ce, "Nana, don girman Allah ki gaya wa Wofa gaskiya." Ta ce, "Wace gaskiya?" Na ce, "Cewa Tsohuwa tukunya ce." Ta laluba ƙarƙashin matashinta ta fito da sukari mai ƙwaya ta jefa a baki. Ta ce, "Shekara uku Ekow bai zauna a ɗakin nan ya kai minti goma ba. Tun ranar Alhamis kullum sai ya zo, da madara, da sukari, jiya har da ƙwai. Matan coci sun kawo mini zane. Ke ki yi burodinki, ni ki bar ni in ci zamanina." Na ce, "Nana, an fa kira mahaifiyar yaron nan gaban dangi." Ta ce, "Madalla. Shekara nawa rabon da 'yar Otuwa ta tako gidan nan? In ba a kira ta ba zuwa za ta yi?"

Ka ji irin mutanen da nake fama da su.

Duk da haka na bi maganarka, domin na san ba hauka kake ba. Na hana Tsohuwa komai kwana biyu, ruwa kawai. Na buga ta har kafaɗata ta riƙe. A rana ta uku na buɗe, sai wani ruwa baƙi-baƙi kwance a sama, ƙasa kuma shiru, ko kumfa ɗaya babu. Ebo, na ce shi ke nan. Tukunyar da ta rayu tun zamanin Turawa, a ce a hannuna ta mutu saboda katin ɗan makaranta. Na yi maza na ba ta fulawa, na lulluɓe ta da zanena, na kai ta gefen tanderu. Sai washegari da hantsi na ga 'yan idanun kumfa biyu-uku sun ɓullo. Ta dawo, amma da kyar take numfashi.

Ban koma ba ta sukari ba tukuna. Abu ɗaya na lura, warin ogogoron ya ragu. Wannan ne ya sa ban yaga katinka ba.

Yanzu saura mako tara da 'yan kwanaki. Ka zauna ka rubuto mini komai daga farko, dalla-dalla, da dalilinsa. Ni ba a ce mini yi kaza kawai, sai na san me ya sa. Ka kuma rubuta wa Wofa. Ka sa a ambulan, ka liƙe, ka ƙara liƙewa.

Yayarka,
Araba


Plovdiv,
24 ga Fabrairu, 1985

Sista Araba,

Gaisuwa da ban girma. Ina lafiya, sai tari kaɗan da sanyi ya sa mini, ya kuma tafi. Ki gai da maigida da yara. Ki durƙusa ki gai da Nana, ki ce mata jikan Otuwa ya sara mata.

Takardarki da ta Wofa rana ɗaya suka iso. Na fara buɗe tasa, na karanta a tsaye, na nemi wuri na zauna. Da na karanta taki kuma na yi dariya har maƙwabcin ɗakina ya buga bango. Laifina ne. Tun ranar 15 ga Disamba na rubuta miki shafi biyar, na ba wani ɗalibi da zai dawo gida, ya rantse zai kawo miki hannu da hannu. Yanzu nake jin wai ya wuce garinsu a arewa ya yi aure. Ga bayanin daga farko.

Abin da ke cikin tukunyarki rai gare shi. Ƙwayoyi ne ƙanana, cokali ɗaya ya ɗebi fiye da mutanen Ghana. Ba su da baki, ba su da haƙori. Abin da suke ci da shi wasu 'yan ma'aikata ne da suke ƙerawa a jikinsu, mu nan enzayim muke ce musu, kowanne da aikinsa guda ɗaya tak. Akwai wanda ke tsaye a waje, aikinsa ya raba sukarin kanti gida biyu, domin sai an raba yake shiga. In ya shiga, wasu kamar goma suna jere, wannan ya taɓa ya miƙa wa wancan, yadda masunta ke jan taru. A ƙarshen layin abu biyu ke fitowa: iskar da ke kumbura kwaɓi, da giyar da fasto ya shaƙa. A tsakiyar layin akwai wani mai lura. In ƙwayar ta ƙoshi da ƙarfi sai ya rage gudun aikin, in ƙarfi ya yi ƙasa sai ya sake shi. Shi nake bincike a kai, shekara huɗu ke nan, kuma har yau yana ba ni mamaki.

Yis ba ya ƙera ma'aikacin da ba ya bukata. A cikin fulawa akwai wani sukari na daban da ke fitowa a hankali in an jiƙa ta, sunansa maltos, kuma cin sa sai da ma'aikata na musamman. Muddin ga sukari mai sauƙi a yalwace, yis ba zai ƙera su ba. Haka kuma yakan dakatar da waɗanda ke aiki da iskar shaƙa, alhali da su ne yake samun ƙarfin hayayyafa da yawa. Kofin sukarin da kike zuba wa Tsohuwa kullum, giya take mayar da shi, ba 'ya'ya ba. Kin ƙoshar da ita, kin kuma mayar da ita malalaciya. Yunwar da na ce ta sukari ce kawai. A doguwar takardar na ce a ci gaba da ba ta fulawa. Da ta mutu da ban yafe wa kaina ba.

Abu na biyu. Kin ga yadda gishirin Kukua ke tsotse ruwan kifi? Haka sukari mai yawa ke yi wa yis. In kika jefa shi cikin kwaɓin burodin sukari kai tsaye, sai ya yanƙwane. Kafin ya koma aiki sai ya haɗa wani abu mai danƙo a cikinsa da zai riƙe masa ruwa. In yis ɗin kaɗan ne kuma rarrauna, kafin ya farfaɗo masu sa tsami, waɗanda su ma suna zaune cikin tukunyar, sun riga sun cinye wurin.

Ga yadda za ki yi. Kwana uku kafin gashi, ki ɗebi ludayi ɗaya na Tsohuwa ki sa a sabuwar tukunya. Ki ba ta fulawa da ruwa sau uku a yini, da sukari kan ƙaramin cokali, kada ya wuce haka. Duk sanda kika ba ta, ki buga da muciya iska ta shiga. Ranar gashi ki kwaɓa rabin fulawarki da ita, ba sukari, ba gishiri, ba mai. Zai tashi, ya tsaya, ya sake tashi. Tsayawar nan lokacin da yake ƙera ma'aikatan maltos ne, kada ki taɓa shi. In ya yi tashi na biyu, ki zuba sauran fulawa da gishiri da mai da rabin sukari, ki murza. Bayan rabin awa ki ƙara sauran sukarin.

Daga nan zai yi shiru, awa ɗaya ko fiye, kamar ba zai motsa ba. Sista, a nan ne masu burodi ke karaya su ƙara wuta ko su ƙara tsami. Kada ki yi ko ɗaya. Na gwada sau tara a ɗakin bincikenmu da sukari daidai yawan naki, sau tara yana tashi. Fulawarku da zafin garinku ba irin namu ba ne, saboda haka ki gwada kafin ranar, abin da hannunki ya gaya miki ki bi shi ko ya saɓa wa nawa.

Takardar Wofa tana cikin wannan ambulan ɗin. Na ba shi haƙuri kan katin, ban ba shi haƙuri kan abin da ban yi ba. Mahaifiyata ce damuwata. Ba ta iya tsayawa gaban taro, muryarta rawa take yi. Ki tsaya kusa da ita.

Ƙanenki,
Ebo


Anomabo,
14 ga Afrilu, 1985

Ƙanena Ebo,

Gaisuwa mai tarin yawa. Da fatan tarin bai dawo ba. Mu duka lafiya, maigida ya samu kifi sosai makon nan, Nana ta ƙara ƙiba.

Takardarka ta iso saura kwana goma sha tara. Wofa ya karanta tasa, ya ninke, ya ce, "Wanda ya iya rubuta wancan ai zai iya rubuta wannan." Na shiga ɗakin tanderu na ja ƙofa.

Sau huɗu na gwada. Na farko ya tashi amma da ɗan tsami. Na biyu na gane zafin garinmu ya sa komai yana sauri, sau uku a yini bai ishe ta ba, na mayar da shi huɗu. Rabin awarka kuma ta yi kaɗan, sai da na bar shi ya kusa awa kafin in ƙara sauran sukarin. Ka rubuta wannan a littafinka, ka ce Araba ce ta faɗa. Na huɗu da na fasa shi na shaƙa, sai na ji kamar mamata ce ta shigo ɗakin. Na zauna a kan buhu na yi kukana, na share ido, na raba wa yara, na ce duk wanda ya faɗa a waje zai gamu da ni.

Ranar Litinin ɗin Ista mutum ya fi arba'in a tsakar gida. Mahaifiyarka ta iso da motar safe, ta sa farin zane, ta zauna a bakin benci kamar mai jiran hukunci. Na ɗauko kujerata na dasa kusa da ita. Kukua ta ce ba ta yarda a kawo burodi daga ɗaki ba, wa ya sani ko daga Takoradi aka sayo. Na ce, "Kin kyauta." Na sa aka fito da kwamin kwaɓi tsakar gida, na zuba sukarin ƙarshe a gaban kowa, na murza, na yanka, na jera a gwangwanaye, na rufe da zane.

Sai ya yi shirun da ka ce. Rabin awa, babu. Awa ɗaya, babu. Kukua ta ɗaga zanen ta leƙa, ta ce, "Jama'a, a yi masa addu'a, ya riga mu gidan gaskiya." Aka yi dariya. Wofa ya duba agogo ya ce, "Araba, ko za mu shiga maganar Esi Atta kafin nan?" Na ce, "Wofa, a ƙara mini rabin awa. Ruwa yake tarawa a cikinsa." Kukua ta ce, "Wa?" Na ce, "Wanda ya fi ki sanin abin da yake yi."

Ban ƙara wuta ba, ban taɓa komai ba. Can sai mahaifiyarka ta taɓa ni da gwiwar hannu. Zanen ya fara tudu. Kafin a gama zuba wa baƙi ruwa ya ɗaga ko'ina, har wani gwangwanin yana neman ambaliya. Na zura su a tanderu. Da ƙamshin ya fita, har mutanen da ba danginmu ba suka cika ƙofar gida.

Na kai wa Nana na farko, da zafinsa. An fito da ita an zaunar a inuwa. Ta ɓare, ta shaƙa, ta tauna a hankali. Sai ta ce, "Yauwa. Tsohuwa ta warke." Wofa ya ce wa uwarsa, "Maame, wace tsohuwa?" Ta ce, "Tukunyata mana. Kai da aka yaye ka da burodinta ba ka san sunanta ba? Da yake ba ka shiga inda mata ke aiki." Ya ce, "To me ya sa da na tambaye ki kika juya mini baya?" Ta ce, "Da na faɗa maka, da ka kawo ƙwai?"

Ebo, ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Kukua har da riƙe ciki. Wofa ya tsaya da hularsa a hannu, ya rasa inda zai sa ido. Nana kuma ta ce, "Ina 'yar Otuwa? Matso in taɓa fuskarki." Mahaifiyarka ta durƙusa, Nana ta shafa ta tun daga goshi har haɓa, ta ce, "Hancin uwarki ne, mai taurin kan nan. Na yi kewarta." Daga nan ba wanda ya sake ta da maganar bayani. Kwana uku mahaifiyarka ta yi a ɗakin Nana.

Tanderu ya zauna. An ba Kukua filin bayan gida wajen bishiyoyin kwakwa, inda iska ke kwashe hayaƙi ta yi teku da shi. Ta ci burodi biyu a tsaye, ta ce gishiri ya ɗan yi kaɗan. Matan Saltpond uku sun zo in koya musu, na ce su zo da tukwanensu ranar Talata.

Wofa ya ce in bar masa wuri a ƙasan takardar. Ga shi.

Yayarka,
Araba Eshun

Ebo, ɗan 'yar'uwata. Na ci burodin. Takardata ta 27 ga Janairu, ka sa ta a wuta. Ni da kaina na raka mahaifiyarka har Sekondi, na ba ta haƙuri a gaban maƙwabtanta, tun da a gaban mutane na kira ta. Ranar da ka tashi neman aure, ni zan shige gaba.

Kawunka,
Ekow Bentum